Leƙen Ƙirji: Neman Abin da Ya Tara Ruwa a Bayan Huhu

 

Maganar da aka ɗora mini ita ce leƙen ƙirji, aikin da likitoci ke kira torakoskofi, da amfaninsa wajen gano sankarar tantanin huhu mai suna mesoteliyoma da sauran cututtukan wannan tantani. Da wuya a sami wani a ɗakin nan da bai taɓa jin an ce wane yana kwance, ruwa ya taru a huhunsa ba. Dangi kan ji haka su ɗauka an gano cutar, saura magani. To, ba a gano ta ba tukuna. Taruwar ruwa alama ce kawai, cututtukan da ke kawo ta kuwa sun haura hamsin. Wasu maganin 'yan makonni ya ishe su, wasu sai wata shida, wasu kuma ba su da waraka sai dai sassauci. Abin da ya tsaya mini a rai, wanda a kansa zan yi ta kai da komowa a yau, shi ne kada a ɗora mai ruwa a ƙirji a kan dogon magani alhali ba a san sunan cutarsa ba, matuƙar akwai hanyar sani.

Huhu yana lulluɓe da wani siririn tantani mai santsi. Irinsa kuma ya shimfiɗu a jikin haƙarƙari ta ciki, da kan tsokar da ta raba ƙirji da ciki. Tsakanin tantanin biyu akwai ɗan ruwan da bai wuce mililita 20 ba, wanda ke sa huhu ya riƙa zamewa a jikin haƙarƙari in ana numfashi. A wannan tsakanin ne ruwan cuta ke taruwa, ba a cikin huhun kansa ba. Yana iya kaiwa lita biyu ko uku, ya danne huhun wannan gefen har ya kasa buɗewa. Shi ke kawo hakin nan da busasshen tari da nauyin gefe ɗaya. Hoton ƙirji da aka ɗauka ta gaba ba ya nuna ruwan sai ya kai wajen mililita 200. Na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu ciki da ita, tana ganin wanda bai kai haka ba, kuma tana nuna wa likita inda ya dace ya soka allura.

Da allurar ake farawa. A zuƙo ruwan, a dubi launinsa, a kai ɗakin gwaji. Tun 1972 wani likita Ba'amurke, Richard Light, ya fitar da ma'aunin da har yau da shi muke aiki: a auna furotin da wani sinadari mai suna LDH a cikin ruwan, a gwada da na cikin jini. Ma'aunin yana raba ruwan gida biyu. Akwai wanda ya tsatso saboda ciwon zuciya ko hanta ko ƙoda, tantanin kuwa lafiyarsa lau. Wannan ba ya bukatar leƙe, a yi maganin tushen ciwon. Akwai kuma wanda tantanin ne da kansa ya kamu, kuma manyan masu laifi a nan su ne tarin fuka da nimoniya da sankara.

A wannan gida na biyu ne gwajin ruwa yake yawan barin mu a hanya. Ƙwayoyin tarin fuka ba su da yawa a cikin ruwan, a jikin tantanin suke zaune. In an duba da madubin likita, ko mutum ɗaya cikin goma ba a ganinsu. Gwajin GeneXpert da ke mana aiki sosai a kan kaki yakan kuskure da dama in ruwan ƙirji aka ba shi. Gwajin ADA yana taimakawa ƙwarai inda ake yin sa: in ya haura 40 ga matashi mai zazzaɓi da gumin dare, zancen tarin fuka ya yi ƙarfi. Neman ƙwayoyin sankara a cikin ruwan kuwa yana kama kimanin kashi 60 cikin 100 in aka haɗa kowace irin sankara, amma ga mesoteliyoma ya yi ƙasa da haka nesa.

Kun san abin da muke yi in gwaji bai faɗi komai ba. Mukan ce a gwada maganin tibi, wato tarin fuka, a gani. Ban zo in soki wannan baki ɗaya ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, maganin kyauta ake ba da shi, kuma likitan da ya ce tibi ce ga saurayi ɗan shekara 25 mafi yawan lokaci ya yi daidai. Damuwata tana kan dattijo ɗan sittin, wanda ruwansa jini-jini ne, an zuƙe ya dawo cikin mako biyu, gefensa na masa wani ciwo mai nauyi da ke hana shi barci, ya yi wata biyu a kan magani sai ƙara ramewa yake yi. A nan sai a fara zarginsa da tsallake magani, ko a ce tibi ce mai bijire wa magani. Ba a cika komawa a tambayi ko tun farko ma tibi ce ba.

Wannan tambayar ce ta tona asirin mesoteliyoma, kuma a nahiyarmu aka yi ta. A tsakiyar shekarun 1950, C. A. Sleggs, shugaban asibitin masu tarin fuka na West End a birnin Kimberley na Afirka ta Kudu, ya lura da wani abu. Sababbin magungunan tarin fuka sun zo, masu ruwa a ƙirji suna warkewa, amma waɗanda aka kawo daga yammacin Kimberley, yankin da ake haƙar shuɗin asbestos a wajejen Kuruman da Prieska, da yawansu magani ba ya musu komai, mutuwa suke yi. Bai ce sun tsallake magani ba. Ya haɗa kai da likitan tiyatar ƙirji Paul Marchand da J. C. Wagner, masanin nazarin nama a Johannesburg, aka yanko tantanin aka duba. A 1960 suka wallafa bayanin mutum 33 masu mesoteliyoma, cutar da a lokacin wasu masana ke shakkar ma akwai ta. Dukansu in ban da ɗaya an gano sun yi cuɗanya da shuɗin asbestos. Abin da ya fi tayar da hankali, da yawansu ba ma'aikatan mahaƙa ba ne. Wasu zama kawai suka yi a kusa, wasu suna yara suka yi wasa a kan tulin tarkacen da aka zubar, shekaru masu yawa kafin ciwon ya bayyana.

Zaren asbestos ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba. In an shaƙe shi yakan ratsa huhu ya isa tantanin, jiki kuma ba ya iya narkar da shi. Tsakanin shaƙa da bayyanar sankara akan yi shekara 20 zuwa 50, mafi yawa talatin da wani abu. Shi ya sa Birtaniya, wadda ta haramta shuɗin asbestos da mai ruwan ƙasa a 1985 ta kuma haramta farin a 1999, har yanzu take binne mutum fiye da 2,000 duk shekara saboda wannan cuta. Afirka ta Kudu ta haramta shi a 2008. Mu nan ba mu yi mahaƙai irin na Kuruman ba, amma rufin asbestos da silinsa da bututun ruwansa sun shiga makarantu da barikoki da gidajen ma'aikata da yawa, an kuma daɗe ana sa shi a cikin birkin mota. Silin da ke zaune lafiya bai fashe ba, haɗarinsa kaɗan ne. Haɗarin yana kan kafintan da ya yanka shi da zarto, da leburan da ya rushe tsohon gini ya share ƙurar a bushe, da matar da ta kakkaɓe kayan aikin mijinta kafin ta wanke. Wanda ya yi wannan aiki a shekarun 1980, yanzu ne lokacin da za a iya ganinsa a asibiti yana haki.

To me ya sa ruwa ba ya nuna wannan cuta? Domin ƙwayoyin mesoteliyoma 'ya'yan tantanin ne, kuma in suna yawo a ruwa suna kama ƙwarai da ƙwayoyin tantanin da kumburi kawai ya dame su. Wani nau'inta ma da wuya ya zubar da ƙwayoyi cikin ruwan. Masanin nama yana bukatar gutsuren tantanin, mai kauri, domin ya ga ko ƙwayoyin sun kutsa cikin kitsen da ke ƙarƙashi. Akwai allurar Abrams, wadda ake amfani da ita tun 1958, da ke tsinko nama daga waje ba tare da an ga inda ake tsinka ba. Ga tarin fuka tana da kyau, domin shi yakan mamaye tantanin ko'ina, duk inda ka tsinka ka same shi. Wani bincike da aka yi a Cape Town aka wallafa a 2003 ya nuna ta kama kusan kashi 80 cikin 100 na masu tarin fukan tantani, leƙe kuwa ya kama duka. Don haka asibitin da ke da wannan allura kada ya jefar da ita. Sankara ce ba ta yi mata, domin tsalli-tsalli take fitowa, sau da yawa a can ƙasa ko a kan tsokar da ta raba ƙirji da ciki, inda allurar ba ta kaiwa. Christian Boutin na birnin Marseille a Faransa ya bi masu mesoteliyoma 188, ya wallafa sakamakon a 1993. Gwajin ruwa ya gano cutar a kusan kashi 26 cikin 100, allurar Abrams kusan kashi 21, leƙen ƙirji kashi 98.

Aikin ba sabo ba ne. Hans Christian Jacobaeus, likita a Sitokholm ta ƙasar Suwidin, shi ya bayyana shi a 1910, da na'urar leƙa mafitsara ya yi. A zamanin da babu maganin tarin fuka, ana hura iska a ƙirji don huhun da ya kamu ya kwanta ya huta, sai aka riƙa amfani da leƙen wajen yanke zaruruwan da suka manne huhu da haƙarƙari. Da maganin tarin fuka ya samu a shekarun 1940 da 1950 aikin ya kusa mutuwa, sai tsirarun likitocin huhu a Faransa da Jamus suka riƙe shi don gano cuta, har kyamarar bidiyo ta zo ta sake raya shi.

Bari in faɗi yadda ake yin sa dalla-dalla, domin tsoron da dangi ke ji in an ce za a shiga ƙirji ya fi aikin kansa girma. Majinyaci zai kwanta a kan gefensa mai lafiya, hannun sama a ɗage. Ba a sa masa allurar barci irin ta babbar tiyata. Da kansa yake numfashi, an ba shi maganin da zai kwantar masa da hankali, an sa masa iskar oksijin, ana lura da bugun zuciyarsa. A duba da sikanin a zaɓi wuri a ƙasan hamata, tsakanin haƙarƙari biyu. A kashe wurin da allura tun daga fata har tantanin, a yi 'yar tsaga ta santimita ɗaya ko biyu, a zura ɗan bututu. Ta nan za a zuƙe ruwan duka, iska tana shiga tana maye gurbinsa. Wannan iska da gangan ake barinta: ita ke sa huhu ya janye daga haƙarƙari, fili ya samu. Saboda ita ne kuma ake iya kwashe lita biyu ko uku a zama ɗaya, alhali da allura ba a so a wuce lita ɗaya da rabi. Sai a zura madubin mai fitila da kyamara, ƙirjin ya bayyana a allo, haƙarƙari jere, huhu a kwance yana motsi da kowane numfashi.

Tarin fuka yakan fito ne kamar an watsa tsakin gero a kan jan tantani, da zaruruwa farare. Mesoteliyoma kan zo da ƙulle-ƙulle cunkus, ko tantanin ya yi kauri ya yi tauri, wani lokaci da wasu fararen tabbai masu ƙarfi da ke nuna an taɓa shaƙar asbestos. Ana cewa gani ya kori ji, amma ɗalibaina, a wannan aiki gani kaɗai bai isa ba. Ƙwararru ma ido yana yaudararsu, kumburi ya yi kama da sankara, sankara ta yi kama da kumburi. Amfanin gani shi ne ya kai hannunka inda ya dace. Daga tantanin haƙarƙari ake gutsuro nama, daga wurare da dama, mai zurfi har da kitse, kuma a daidai kan ƙashi, domin jijiyar jini tana bin ƙasan kowane haƙarƙari. Wani gutsuren a sa shi a ruwan fomalin don masanin nama, wani a ruwan gishiri don gwajin tarin fuka. In aka zuba duka a fomalin an kashe ƙwayoyin, ba za su tsiro a ɗakin gwaji ba, ba kuma za a san maganin da ke cin su ba.

In abin da aka gani ya nuna sankara a fili, huhun kuma zai iya sake buɗewa, ana iya fesa hodar talk ta asibiti, giram huɗu zuwa biyar, domin tantanin biyu su manne ruwa ya rasa wurin taruwa. Daga nan a sa roba a ƙirji ta fitar da iskar, huhu ya koma mazauninsa. Aikin duka bai cika wuce awa ɗaya ba, kuma da yawa suna komawa gida bayan kwana ɗaya zuwa uku.

Yana da haɗarinsa. Akwai zafi lokacin gutsurar nama da bayan hodar, akwai zazzaɓi, iska kan shiga ƙarƙashin fata, jefi-jefi a sami zubar jini ko mugunya. Mesoteliyoma kan bi hanyar da aka huda ta tsiro a fata, shi ya sa ba a son yawan huda. Mutuwa saboda aikin abu ne mai wuyar faruwa, bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Ba a yi wa wanda jininsa ba ya daskarewa, ko wanda numfashinsa ya yi raunin da ba zai iya kwanciya a gefe ba. Ba ya kuma yiwuwa in huhu ya manne da haƙarƙari babu fili. A nan sai a tsinko naman da allura ana kallo ta sikanin ko hoton CT, ko a miƙa wa likitan tiyata ya yi nasa leƙen da allurar barci. Ina roƙon abokan aikina na asibitocin da ke turo mana marasa lafiya su riƙe wannan: kowace zuƙa tana ƙara zaruruwa da mannewa. Wanda aka zuƙe sau biyar kafin a turo shi, an rage masa damar leƙe. A zuƙi abin da zai sassauta masa numfashi, a bar sauran, a turo shi da wuri.

Madubi rabin aiki ne, sauran rabin yana ɗakin nazarin nama. Raba mesoteliyoma da sankarar huhu ko ta mama da ta yaɗu zuwa tantani sai da wasu rini na musamman, waɗanda wasu ke kama ƙwayoyin tantani kamar kalretinin, wasu ke kama na huhu. Su ne kuma ke taimakawa a tantance nau'inta, domin nau'o'inta uku ba gudu ɗaya suke yi ba. Asibitin da ya sayi madubi bai tanadi waɗannan rini ba, ko bai shirya inda zai riƙa aika nama ba, zai huda mutum ya bar shi cikin duhun da ya same shi. Madubin kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Duk asibitin da ke tiyatar ciki ta ƙaramar huda yana da allo da fitila da kyamara, abin da ya rage horo ne da 'yan kayan hannu.

Wani lokaci sakamako yakan dawo da cewa kumburi ne kawai, ba tibi ba sankara. Mafi yawan irin waɗannan lafiya suke ƙarewa. Amma kusan ɗaya cikin goma sankara kan bayyana daga baya, kuma galibi mesoteliyoma ce da ta ɓuya a ƙarƙashin tantani mai kauri. Kada a ce wa irin wannan mutum ya tafi an gama. A riƙa ganinsa da hoto har shekara ɗaya zuwa biyu, in ruwan ya dawo ko ciwon gefe ya ƙaru a sake ɗibar nama.

Akwai tambayar da dangi ke yi mini, kuma tambaya ce ta gaskiya: Likita, in cutar ba ta warkewa, mene ne amfanin saninta? Gaskiya ne mesoteliyoma mugun ciwo ne, yawancin masu ita ba su wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan an gano. Haɗin pemetrexed da cisplatin da aka tabbatar a 2003 ya ƙara kusan wata uku a kan cisplatin shi kaɗai. Magungunan zaburar da garkuwar jiki, nivolumab da ipilimumab, sun kai matsakaicin rayuwa wata 18 a babban gwajin da aka yi musu, amma tsadarsu ta fi ƙarfin kusan kowa a nan. Babbar tiyatar kwashe tantanin ma, gwajin MARS 2 da aka yi a Birtaniya bai nuna tana ƙara kwana ba. Duk da haka ina cewa a sani. Da farko, yawancin waɗanda za mu leƙa ba mesoteliyoma za mu samu ba. Za mu sami tarin fukan da ya ɓuya, wanda ke warkewa sarai. Za mu sami sankarar ƙululun jiki mai jin magani, da sankarar mama, wadda ta fi kowace yawa a matanmu, wadda kuma ake iya riƙe ta da magani tsawon lokaci. Wanda kuwa tasa ta zamo mesoteliyoma, za a sauke masa ƙwayoyin tibi da ke wahalar da hantarsa ba gaira ba dalili. Za a manne masa tantanin ya huta da zuƙar kowane mako biyu. Za a ba shi maganin ciwo mai ƙarfi irin wanda ya dace da shi. Iyalinsa ba za su sayar da gona suna yawon asibitoci da masu magani ba, shi kuma zai sami lokacin biyan bashi da yin wasiyya da neman gafarar waɗanda yake son nema. Wannan haƙƙinsa ne, bai kamata mu tauye masa ba.

Ganewar kuma ba ta tsaya a kansa ba. In tsohon kafinta ya zo da wannan cuta, akwai yaran da suka koyi aiki a hannunsa, akwai waɗanda yau ma suke sauke tsohon silin ba tare da sun jiƙa shi da ruwa ko sun rufe hanci da abin kariyar da ya dace ba. A takardar asibiti mukan rubuta sana'ar yanzu kawai: manomi, ɗan kasuwa, mai ritaya. Ina roƙon kowane ɗalibi a nan, in ya zauna gaban mai ruwa a ƙirji, ya ce, Baba, wane aiki ka yi kana saurayi? Ka taɓa aikin gini, ko rufi, ko gyaran birki, ko aikin tukunyar injin a masana'anta? In mace ce ya ce, Mama, wace sana'a maigida yake yi, wa ke wanke masa kayan aiki? Ya rubuta amsar da shekarunta a jikin takardar da za ta raka naman zuwa ɗakin gwaji, domin masanin naman ba ya ganin majinyacin, abin da aka rubuta masa da shi zai zaɓi rinin da zai sa.